Shekara 12 kafin a wanke ta: yadda jinkirin ɗaukaka ƙara ya zame wa Hadijatou Mani hukunci na biyu

A watan Mayun 2007, wata kotu a Birnin Konni da ke jihar Tawa ta yanke wa Hadijatou Mani ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Nan take ta ɗaukaka ƙara. Sai a 2019 ne kotun ƙoli ta Nijar ta soke hukuncin, bayan shekara 12.

Tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan kuɗi sefa dubu 240, ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ba. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci, amma ya kafe cewa matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai ya maka ta kotu.

Kimanin wata biyu ta yi a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai, mai nisan fiye da kilomita 400 daga Konni, ta ba da umarnin sakin ta na wucin gadi a watan Yulin 2007. Sai dai kotun ta jingine hukuncin ƙarshe har sai an warware batun auren. Daga nan jira ya fara.

A tsarin shari'ar Nijar, alƙalan ɗaukaka ƙara kan sake duba shari'a daga tushe. Suna iya rage hukunci ko jingine zaman kaso idan sun ga dalilan sassauci, kamar gyaruwar hali, kuma ana cire kwanakin da mutum ya riga ya yi a tsare. Ke nan wanda ya aikata laifi yana iya cin moriyar lokacin da ya wuce, in ya nuna ya shiryu.

Ga Hadijatou lamarin ya juye, domin babu halin da za ta gyara. Ranar 27 ga Oktoban 2008, kotun CEDEAO ta samu gwamnatin Nijar da gazawa wajen kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2009 Amurka ta karrama ta da lambar yabo ta mata masu jarumta. Duk da haka, a takardun kotun ƙasarta tana nan a matsayin mai laifi.

Wata shari'ar ta nuna ɗaya ɓangaren ma'aunin. Dokar 2003 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 kan bautar da mutum. Amma a watan Mayun 2014, lokacin da kotu a Konni ta samu wani dattijo mai shekara 63 da laifin ajiye wahaya, hukunci irinsa na farko a ƙasar, shekara huɗu ta ba shi.

Hadijatou ta iya jure wannan dogon jira ne da tallafin lauyoyi da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. Talaka a ƙauyukan Malbaza ko Illela da ba shi da irin wannan gata, wanda aka yanke wa 'yan watanni, yana iya gama wa'adinsa tun kafin a kira ƙararsa. Ko da an wanke shi daga baya, babu kotun da za ta maido masa da daminar da ya rasa.