Dutsen Da Ba Ya Faɗin Shekarunsa

A shekarar 2011, a wani gwanjo da aka yi a birnin Beijin, an buga wa wata kujera da teburin kwalliya na dutsen jed farashin yuwan miliyan 220, bisa cewa an sassaƙa su a zamanin daular Han, watau kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Masana tarihi suka ce da sake, domin mutanen wancan zamani a kan tabarma suke zama. Daga baya ta bayyana cewa sababbi ne fil, a garin Pizhou aka ƙera su.

Ɗalibi mai lura zai tambaya: me ya hana a auna shekarunsu da kabon-14, kamar yadda ake yi wa tsohon ƙashi? Amsar tana cikin darasinmu na ilmin halittu. Tsiro yana shaƙar kabon daga iska, dabba ta ci tsiron ta samu nata. Da zarar rai ya fita, sai shigarsa ta tsaya, kabon-14 ɗin da ke jiki ya riƙa raguwa da rabi duk shekara 5,730. Da wannan raguwa ake lissafi. Shi kuwa jed, wanda Sinawa ke kira yu, bai taɓa numfashi ba. Ko an gano shekarun dutsen ta wata hanya, wannan ba zai nuna ranar da masassaƙi ya ɗora masa hannu ba.

Saboda haka sai a koma ga madubin ƙara girman abu. Jed ya fi ƙarfin wuƙa. Mutanen da gurza shi suke yi da jiƙaƙƙen yashi, wata da watanni, kuma sawun yashi dabam yake da na injin zamani. Amma masu jabu ma sun san da wannan, har sukan jiƙa dutsen a ruwan asid ya yi kama da wanda ya daɗe a binne.

A ganina, babu shaidar da ta kai sanin inda aka tono abu. Rigar jed ta yarima Liu Sheng, mai falle 2,498 da aka ɗinke da zaren zinariya, a cikin kabarinsa aka same ta a Mancheng a 1968, shi ya sa ba a jayayya a kanta. An sa masa ita ne don ta hana gawarsa ruɓewa. Sai dai ƙwayoyin cutar da ke fara wannan aiki a cikin hanji suke zaune, rigar kuma a waje take.