Siffofin Halitta a Ginin Gargajiya na Hausa

Duk wanda ya nazarci kalmomin da magina Hausawa suke amfani da su, zai tarar cewa da yawa daga cikinsu an aro su ne daga halittun da ke kewaye da Bahaushe. Ƙahon da ake ɗorawa a kusurwar soro sunansa zanko, watau sunan tukkun da ke kan zakara. Lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin ɗaki ana ce masa bakan gizo, kamar wanda ake gani a sama da damina. Adon nan na dagi kuwa, asalin kalmar tafin ƙafar zaki ne ko na kyanwa.

Wannan aro bai tsaya ga suna kaɗai ba, ya shafi aikin kansa. Alal misali, azarar da ake tsagowa daga giginya gara ba ta cika cinta ba, amma idan aka shimfiɗa ta miƙe, faɗin ɗakin da za ta iya ɗauka bai cika wuce ƙafa 6 ba. Domin a sami fili mai yalwa, sai magini ya riƙa ɗaura azara kan azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har bakan ya haɗe a tsakiya, nauyin rufi ya gangara cikin bango. Da wannan dabara ce Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846).

Haka kuma a karkara, kamar Zurgu da sauran ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, rumbun ƙasa ya ɗauko siffar tulu: ciki mai faɗi, baki ƙarami. Zagayayyen bango ba shi da kusurwar da za ta tsage, nauyin hatsi kuma yana rarrabuwa daidai ta kowane gefe. Kaurin bangon ƙasa yana tsare zafin rana, ya sake shi da dare, kamar yadda suri yake yi wa gara.

Masanan zanen gini na wasu ƙasashe sun bi wannan tafarki. A shekarar 1996 aka buɗe ginin Eastgate a Harare ta Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya tsara bisa nazarin yadda iska ke zagayawa cikin suri, domin a rage dogaro da na'urar sanyaya ɗaki.

Abin lura shi ne, bulo da kwano suna maye gurbin tubali da azara, ɗakuna suna ƙara zafi, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa ba tare da magada ba. Idan sana'a ta ɓace, kalmominta ma sukan bi ta. Saboda haka ya wajaba masu nazarin harshe da masu koyar da zanen gini su haɗa kai, su tattara wannan ilimi daga bakin masu shi tun suna raye.