Matuƙin jirgin yaƙi da ya ɓace, da matar da ke jiran takaba

Mutanen Farfaru da sauran ƙauyukan Jibiya sun saba da rugugin jiragen yaƙi masu nufar dazuzzukan da 'yan bindiga suka yi sansani. Ba kowa ke tuna cewa a cikin wannan ƙarfe akwai ɗan wani, mijin wata. A ranar 18 ga Yuli 2021 an harbo jirgin Alpha Jet a tsakanin Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da laima, ya ratsa daji har ya isa ga sojoji. Shi ya ci sa'a. John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele sun ɓace da jirginsu a Borno ranar 31 ga Maris 2021, sai bayan kusan shekara guda dakaru suka ci karo da tarkacen a dajin Sambisa.

Nemo irin waɗannan mutane aiki ne mai tsari, kuma Amurka ta daɗe tana yinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragenta ɗaruruwa sun faɗi a tsaunukan Himalaya, a hanyar kai kaya daga Indiya zuwa Sin. Ɗaya daga ciki, ƙirar B-24 mai mutum 8, ya ɓace a Janairun 1944. A 2006 wani ɗan Amurka mai hawan duwatsu, Clayton Kuhles, ya isa wurin a jihar Arunachal Pradesh, da jagorancin mutanen yankin waɗanda tun da can sun san inda ɓaraguzan suke. Daga baya DPAA, hukumar Amurka mai neman sojojin da suka ɓace, ta tura masu tono. Suna raba wurin gida-gida da igiya, su tankaɗe ƙasa da rariya, su tsince haƙori, guntun ƙashi, maɓalli ko lambar wuya. A ɗakin gwaji ana gwada ƙwayar halitta da ta dangi, musamman na ɓangaren uwa, domin ita ce ke jure daɗewa a tsohon ƙashi. Da haka aka gane Robert Oxford, ɗaya daga cikin mutanen jirgin, aka binne shi a mahaifarsa a jihar Jojiya a 2017, shekara 73 bayan hatsarin.

A wurinmu maganar ta fi gaban binnewa. Idan ba a tabbatar da rasuwa ba, sojan Musulmi ya zama wanda fiƙihu ke kira mafƙudi. Matarsa ba ta da miji a gida, ba ta kuma da damar shiga takaba. A mazhabar Malikiyya jiran yakan kai shekara 4 a wasu halaye, gado kuwa ya fi haka jinkiri. Guntun ƙashi ɗaya da aka tabbatar da mai shi yana iya kwance wa iyali duk wannan ƙulli.

Abu biyu nake ganin sun wajaba. Rundunar sojin samanmu ta ajiye samfurin jinin kowane matuƙi tun ranar ɗaukarsa aiki, kamar yadda Amurka ke yi tun farkon shekarun 1990. Sannan a ja masu unguwanni, mafarauta da makiyaya a jika, domin su ne ke fara ganin tarkace. A kan iyaka kamar Jibiya, inda tsohon ƙarfe ke da kasuwa, 'yan gwangwan za su iya kwashe jirgi kaf kafin mai bincike ya iso, kuma lambar da za ta bayyana jirgin na iya ƙarewa a tukunyar maƙeri a Katsina ko Maraɗi.