Dokar karɓar kyauta ga jami'an ƙananan hukumomi a Najeriya

Dokar karɓar kyauta ga jami'an ƙananan hukumomi ita ce jerin ƙa'idojin da suka fayyace irin kyautar da shugaban ƙaramar hukuma, kansila ko ma'aikacin sakatariya zai iya karɓa, da wadda aka haramta masa. Tushenta yana cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wato Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata. Kashi na biyu na jadawalin ya ambaci shugabanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin waɗanda dokar ta shafa. Saboda haka tana aiki a kan dukkan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, har da 27 na Jihar Jigawa, kamar Kaugama da ke masarautar Haɗejiya.

Tarihi

Kai wa mai mulki kyauta tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, ana kiranta gaisuwa. Talaka ko mai neman sarauta yakan je gaban basarake da hatsi, dabba ko tufa. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwa cikin ɗabi'un sarakunan Hausa da ya soka a littafinsa Kitab al-Farq. Malamai kuma suna kafa hujja da hadisin Ibn al-Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyautar da aka ba shi, Annabi (SAW) ya yi hani da hakan. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi nazari a kan alaƙar irin waɗannan al'adu da rashawa a ƙasar Hausa a wata maƙala ta 1964.

Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata sun fara shiga kundin tsarin mulki ne a 1979. A 1989 gwamnatin soja ta fitar da dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta, sannan kundin 1999 ya ci gaba da tsarin.

Abin da doka ta tanada

Sakin layi na 6 na jadawalin ya ƙunshi hukunce-hukunce uku. Na farko, jami'i ba zai nemi ko ya karɓi wata dukiya ko alfarma ba, ga kansa ko ga wani, saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Na biyu, duk kyautar da ta fito daga kamfani, ɗan kasuwa ko mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta a matsayin saɓa doka, sai dai in jami'in ya tabbatar da akasin haka. Wato nauyin kawo hujja yana kansa ne. Na uku, an yarda ya karɓi kyauta daga dangi da abokai na ƙashin kansa, gwargwadon yadda al'ada ta sani kuma a lokutan da ta sani.

Kyautar da aka bayar a taron jama'a ko wajen biki na hukuma ana lissafa ta a matsayin ta ma'aikatar da jami'in ke wakilta. Misali, idan al'ummar wata mazaɓa suka ba shugaban ƙaramar hukuma doki ranar buɗe asibiti, karɓar ba laifi ba ce, amma dokin na majalisar ne. Idan kuwa ɗan kwangilar da ke haƙa wa majalisar rijiyar burtsatse ya aika masa da rago gida da Babbar Sallah, doka tana ɗaukar hakan a matsayin saɓa ƙa'ida, ko da an kira shi barka da sallah.

Sakin layi na 8 ya hana mai bayarwa ma yin tayin toshiyar baki. Sakin layi na 13 ya ce wanda ya bi ta hannun wakili ko wani amintacce, kamar shi ne ya aikata da kansa. Sakin layi na 11 ya wajabta bayyana kadarori lokacin kama aiki, bayan kowace shekara huɗu, da kuma ƙarshen wa'adi. Haka nan jami'in da ke aiki na cikakken lokaci ba zai gudanar da kasuwanci ba, amma an bar masa noma.

Hukunci

Ana kai ƙorafi gaban Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata (CCB), ita kuma ta miƙa shi ga Kotun Ɗa'ar Ma'aikata (CCT), mai shugaba da mambobi biyu. Kotun tana iya tsige mutum daga muƙami, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta wannan hanya. Ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma afuwar shugaban ƙasa ko gwamna ba ta shafar irin wannan hukunci.

Ban da haka akwai dokar hukumar ICPC ta shekarar 2000, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai karɓar rashawa da mai bayarwa. Dokar ta kuma hana wanda ake tuhuma kare kansa da cewa abin da ya karɓa al'ada ce a sana'arsa ko a wajen biki.

Masu kamun ƙafa

A Amurka, dokar tarayya ta 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa, wato waɗanda ake biya domin su shawo kan jami'ai, su yi rajista su kuma bayyana wanda suke yi wa aiki. Birane kamar New York da Chicago suna da tasu rajistar. A New York an hana ma'aikacin birni karɓar kyautar da ta kai dala 50 daga mai hulɗar kasuwanci da birnin.

Najeriya ba ta da irin wannan rajista a kowane mataki. A 2016 Sanata Dino Melaye ya gabatar da ƙudurin yi wa masu kamun ƙafa rajista a Majalisar Dattawa, ya tsallake karatu na biyu amma bai zama doka ba. A ƙananan hukumomi, kamun ƙafa yakan bi ta hannun 'yan siyasa, dattawan gari da 'yan uwa, ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba.

Giɓin da ke cikin dokar

Kundin bai ƙayyade adadin kuɗin da kyauta za ta kai ba, bai fassara abin da ake nufi da aboki ko al'ada ba, bai kuma tanadi littafin rubuta kyaututtuka ba. Wannan ya fi yin tasiri a ƙaramin wuri. Kaugama, alal misali, tana da mutum 127,956 a ƙidayar 2006, kuma a irin wannan al'umma ɗan kwangila kan iya zama suruki, maƙwabci ko abokin karatun kansila. Gudummawar biki ko ta suna daga irin wannan mutum tana faɗawa ƙarƙashin hukunci na biyu da na uku a lokaci guda.

Batun ya ƙara muhimmanci bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Gwargwadon yadda ikon kashe kuɗi da bayar da kwangila ya koma hannun shugabanni da kansiloli, haka masu neman alfarma za su karkata gare su.