Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa farin dangon da suka mamaye Kenya a 2020, mafi muni cikin shekara 70, daga hamadar Larabawa suka taso? A 2018 guguwa biyu, Mekunu da Luban, suka tafka ruwa a Rub'ul Khali, wani yanki na wannan hamada, inda ruwan sama ke wuyar gani. Rairayi ya jiƙe, ciyawa ta tsiro, fara ta yi ta zuba ƙwai babu mai ganinta, har ta ninka sau 8,000 cikin wata tara. Masana na danganta yawaitar irin wannan guguwa da ɗumamar Tekun Indiya. Abin tausayi manomi ne, domin garken fara mai faɗin murabba'in kilomita 1 na cinye abincin mutum 35,000 a yini guda.