Hijabi da Rigar Lauya: Maganar da Ta Ƙi Mutuwa

Da zarar an fara cike takardun JAMB, sai tsohuwar maganar nan ta sake tasowa a majalisun Ƙofar Durbi da cikin gidajen Katsina: wai kada a bar yarinya ta karanci aikin lauya, don ranar rantsarwa sai ƙungiyar lauyoyi ta sa ta tuɓe hijabi, ta ɗora farar hular gashin nan a kan kitsonta. Uba yana jin haka sai ya karkata 'yarsa zuwa wani kwas, magana ta ƙare.

Zancen yana da tushe, amma ya tsufa. A watan Disamba na 2017 an hana Firdaus Amasa, wadda ta gama Jami'ar Ilori, shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har Majalisar Wakilai ta sa baki. A watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Labarin korarta ya shiga kowane lungu, na dawowarta kuwa ya maƙale a hanya.

Kuma ba ƙungiyar lauyoyi ta NBA ce ta tare ta a bakin ƙofa ba. NBA ba ta rantsar da kowa. Wannan aikin wata majalisa ce ta manyan alƙalai da dattawan lauyoyi da doka ta kafa, bayan ɗalibi ya yi shekara 5 a jami'a da guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. NBA kamar ƙungiyar direbobi take a tasha: tana karɓar kuɗin ƙungiya, tana tsaya wa 'ya'yanta, amma ba ita ke ba da lasisin tuƙi ba. Ba ma kamar Amurka ba, inda kowace jiha ke da nata izini. A nan wadda aka rantsar a Abuja za ta tsaya a gaban alƙali a Katsina ko Legas.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu wannan magana mutanen garin shari'a ne. Mai shari'a Muhammad Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1987, Bakatsine ne. Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Muna alfahari da su, amma idan aka zo kan mata sai baki ya yi nauyi. Alhali Aloma Mukhtar, 'yar Kano, ta zama lauya a Ingila tun 1966, mace ta farko daga Arewa, kuma a 2012 ta hau kujerar da Muhammad Bello ya zauna. A nan garin, Hauwa Ibrahim tana cikin lauyoyin Amina Lawal lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina a watan Satumba na 2003.

Ita ma NBA ba ta fita fes ba. Sai a 1991 mace ta fara shugabantarta, Priscilla Kuye, daga nan aka shafe fiye da shekara 30 ba a sake ba.

Wadda ke biyan kuɗin wannan jita-jita ita ce matar da aka saka aka riƙe mata 'ya'ya, ko aka danne mata gado. Akwai abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, ko da lauyanta ne. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, hujjarta ta mutu a cikinta.

Don haka reshen NBA na Katsina da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su rage zaman taron otal, su shiga makarantun 'yan mata da gidajen rediyo su yi wa iyaye bayani da Hausa, tun kafin a rufe rajistar bana.