Duwatsun arewacin Kano kafin jirgin Maraɗi ya iso

Duk wanda ya bar Kano ya miƙi hanyar Daura ya san irin ƙasar da zai ratsa: gona na manne da gona, ƙauye na jiyo kiran sallar ƙauye, babu dajin da za a ce ba shi da mai shi. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke tsaye a gonakin nan kowannensu da ubangidansa. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoman kewayen Kano ke noma gona guda kowace shekara ba tare da hutar da ita ba, suna ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna. A ƙasar da ta cika haka, abin da ya saura ga jama'a baki ɗaya kaɗan ne: burtali, da bakin ruwa, da kan dutse.

Bayan an wuce Dambatta, ƙasa takan fara tashi. Tuddai da duwatsu suna jeruwa har zuwa Kazaure da Roni, waɗanda suke cikin tsohuwar Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Iyakar nan ta takarda ce. Kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake ƙullawa. Tarihi ma ɗaya ne, domin a Dambatta Ɗantunku ya fara kafa ikonsa lokacin da ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kafin ɗansa Dambo ya mayar da mazaunin sarautar Kazaure, inda duwatsu suka zame masa ganuwar da ba hannu ne ya gina ta ba.

Yanzu wani baƙo na tafe. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, kuma zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Alherin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Hatsin kasuwar Dawanau, da shanun Dambatta, da tumatir da albasar noman rani na bakin madatsun Tomas da Watari, duk za su sami hanyar da ta fi bayan tirela sauƙi. Amma inda duk aka kafa tasha, dillalan filaye sukan riga jirgi isowa, kuma gini ba ya tashi sai da tsakuwa.

Nan ne maganar take. Dutse guda ba zai yiwu ya zama wurin shaƙatawa kuma ya zama wurin fasa tsakuwa ba. Wanda aka sa wa nakiya aka kwashe a tifa ya tafi ke nan. Gona in ta gaji taki na farfaɗo da ita, dutse kuwa ba ya tsirowa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne inda ake yanke hukuncin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta ajiye lasisin fasa dutse a hannun Gwamnatin Tarayya a Abuja. Dagaci da mai unguwa, waɗanda suka san wane kogo ne makiyaya ke fakewa da damina da wace ƙorama ce ke gangarowa ta shayar da fadama, galibi su ne na ƙarshen ji. Dokar ta 2007 dai ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Ƙauyuka nawa ne suka san suna da wannan haƙƙi, balle su nemi a karanta musu takardar da Hausa?

Ba a ce kada a fasa dutse ba. Birni na bunƙasa, matasa na samun na tuwo a wannan sana'a, kuma babu mai gina gada da fatar baki. Abin nema shi ne jihohin biyu, tare da masarautu, su zauna su ware: wannan na tsakuwa ne, wancan kuwa ba a taɓa shi. Dutsen Dala ya ishe mu ishara. Wurin da tarihin Kano ya faro, mazaunin Barbushe, yau gidaje sun kewaye shi har gindinsa, zaizaya na cin gefensa, saboda ba a shata masa iyaka ba a lokacin da shatawar ke da arha.

Masu cewa Bahaushe bai san yawon buɗe ido ba su leƙa gidan zu na Audu Bako ranar Sallah su ga cincirindo. Mutanen birni na neman inda za su kai iyali su sha iska, kuma daga Kano zuwa Kazaure tafiya ce ta zuwa da dawowa a yini guda. Karkara kuma ba ta rasa abin nunawa: da zarar an kawar da amfanin gona, lokacin dambe da kokawa da kalankuwa da farauta ya kama, ga sharon Fulani, ga masaƙa da maƙera da mata masu tukwane da faifai. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya. Baƙon da ya zo kallon hawa, me zai hana ya ƙara yini guda a kan tudu, ya sha fura da nono, ya sayi gwado daga hannun wanda ya saƙa shi?

Sai dai a yi hattara da irin ciwon da muka saba, wato gwamnati ta gina katafaren otal ta yanka zare ta manta. Marigayi Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi hangen haɗa madatsun ruwa da wuraren hutu. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuwa ya shafe shekaru yana jiran gyara. Abin da duwatsun arewa ke buƙata bai kai haka tsada ba: hanyar ƙafa mai matakala, rumfa, banɗaki, wurin salla, rijiyar burtsatse, da samarin garin da aka horar su yi wa baƙi jagora, kuɗin shiga kuma ya tsaya a asusun da mutanen ƙauye ke gani da idonsu.

Batun ruwa kuwa ba a yi masa gaggawa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau. Allah Ya jiƙansu. Kafin a gayyaci ko da baƙo ɗaya yawon kwale-kwale a Tomas ko Watari, sai an tabbatar da rigunan kariya da ƙa'idar yawan fasinja ga mutanen da ke tsallaka ruwan nan kowace rana don zuwa kasuwa da makaranta.